Ƙarar da mota ke yi in ka taka totur: kar a sauke maka inji tukunna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

   

Yau maganar mota za mu yi, kuma maganar wata ƙara ce da kusan duk mai tsohuwar mota a garin nan ya taɓa jin ta. Ka tada mota da safe lafiya ƙalau. Tana tsaye tana aiki, shiru. Amma kana sa giya ka taka totur, sai ka ji karrr, ko ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ka ɗaga ƙafa, ta yi shiru. Ka sake takawa, ta dawo. To wannan ƙarar.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, labari biyu ne. Ɗaya ya faru da ni, ɗaya ya faru da maƙwabcina, kuma a na biyun ina da ɗan laifi. Bari in fara da nawa.

Ni a Shahuci nake, cikin birni. Wanda ya san unguwar ya san yadda hanya take tsakanin dogon ginin nan na ajiye motoci da Kasuwar Rimi da Asibitin Murtala. Gosulo, adaidaita sahu ta ko'ina, ka matsa taku biyu ka taka birki. Motata kuwa tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta ga jiya ta ga yau. Bara da zafi ta fara wannan ƙarar. Duk sanda na fito daga lungu na hau titi na ɗan ba ta wuta, sai karrr daga ƙasa. Yara a baya har dariya suke, wai Baba motarka tana kiɗa.

Na kai ta wani gareji. Yaron da ya tarbe ni ko zama a motar bai yi ba. Ya ce in tayar, na tayar, ya taka totur sau biyu, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, inji ne. Metal ne ya tafi. Sai an sauke." Ya lissafo min kaya: metal, ringi, gasket, a kai karanshaf wajen yanka, ga kuɗin aiki. Wallahi kuɗin da ya kira ya haura kuɗin makarantar yarana na zango guda. Na ce masa to, zan yi shawara. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Washegari wani abokina ya ce kafin in saki ko sisi, in je wajen wani dattijon bakanike da ya sani. Na je. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa sifana ba. Tambaya ya fara yi. Ya ce, "Ɗana, yaushe take yi? Da sanyin safiya ko sai ta yi zafi? A tsaye ko a tafe? In ka karya kwana tana ƙaruwa?" Ya zaro gejin baƙin mai ya duba, ya murza man a yatsa. Sannan ya ce in zauna, giya a firi, in riƙa taka totur a hankali a hankali. Allurar tana kaiwa wajen 2,000 sai ga ƙarar. Ta wuce 2,500 sai ta ɓace. Ya yi murmushi ya ce, "Kashe. Bari ta huce, mu sha shayi."

Da ta huce, ya sa yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya riƙa bubbuga salansa da hannu. Nan da nan sai ga ƙarar, mota a kashe! Ashe wani ɗan farantin gwangwani ne da ke rufe salansa saboda zafi. Tsatsa ta cinye wajen notinsa guda biyu, ya saki, yana rawa. Aka sa wasa mai faɗi aka ɗaure, aka ƙara da kilif. Abin da na biya bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Daga ranar har yau ban sake jin ta ba.

To, ni kuma da murna ta ɗebe ni, na zo majalisa da daddare ina ta ba da labari. Ina cewa ai duk ƙarar nan ba komai ba ce, gwangwani ne, makanikai ne kawai ke son cin kuɗin mutane. A cikin masu sauraro akwai maƙwabcina, bawan Allah mai jigilar yara 'yan makaranta da motarsa. Da ita yake ci, da ita yake sha. Ya ce, "Ai ni ma tawa tana yi, ashe ba komai." Ban tambaye shi wace irin ƙara ba ce. Ban tambaye shi ko akwai fitilar da ke kamawa ba. Bayan kamar sati uku ya ɗebi iyalinsa za su biki, a hanyar Zariya kafin su kai Kura inji ya buga. Tasa ba gwangwani ba ce. Baƙin mai ne ya yi ƙasa, jar fitila ta daɗe tana ƙiftawa a gosulo, ƙarar kuma daga can cikin inji take. Sai da ya yi wata biyu ba aiki kafin ya haɗa kuɗin wani injin a Ƙofar Ruwa, iyayen yara da yawa kuma sun nemi wani direban.

Kun ga ke nan. Ni an so a sauke min lafiyayyen inji saboda gwangwani. Shi kuma ya rasa inji saboda ya ɗauka gwangwani ne. Dukanmu biyu abu ɗaya muka rasa: ba mu san yadda ake bambance ƙara da ƙara ba. Shi ne abin da nake so mu koya yau. Ba sai ka zama bakanike ba. Kunne kawai, da tambaya uku: yaya sautinta, yaushe take zuwa, daga ina take fitowa.

Mu kasa ta gida uku. Akwai ta gwangwani, akwai ta mai da zafi, akwai kuma ta cikin inji.

Ta farko, ta gwangwani. Sautinta siriri ne, karrr, kamar kwanon rufi in iska ta kaɗa shi. Babbar alamarta ita ce za ka iya kiran ta mota na tsaye. Ja birkin hannu, sa giya a firi, ko a P in otomatik ce, ka taka totur sannu a hankali. In ta zo a wani waje ɗaya ta ɓace da ka wuce shi, to yawanci wani abu ne ya saki yake rawa. Ko farantin nan na salansa, ko robar da ke rataye salansar ta tsinke, ko kilif, ko murfin roba na ƙarƙashin inji da muke karyawa a kwalbati da ramukan lungu. Ruwan damina da muke kutsawa cikinsa a watan Agusta shi ke kawo tsatsar. Wani lokacin ma abin dariya ne: lambar mota ce ta saki, ko sandar tokare bonet, ko jak da sifanar taya a but. Duba waɗannan tukunna, kyauta ne.

Amma don Allah in farantin ne, kar ka bari a fizge shi a yar, a ce ba shi da amfani. Kamfani bai sa shi don ado ba. Wajen nan yana yin zafin ɗaruruwan digiri. Farantin ne ke tsare ƙasan mota da wayoyi da bututun mai. In babu shi ka je ƙauye da rani ka faka a kan busasshiyar ciyawa, gobara za ta iya tashi.

A wannan gidan dai akwai abin da makanikanmu ke kira indomi, wato tukunyar nan da ke jikin salansa mai tace hayaƙi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, kuma na tangaran ne. In ya farfashe, gutsattsarin ne ke kaɗawa a ciki. In mota ta huce ka ɗan bubbuga tukunyar, za ka ji kamar tsakuwa. Wani lokacin gutsuren ya toshe hanyar hayaƙi, sai mota ta daina ja, ka taka ta ƙi tafiya. A nan sai ka buɗe ido, domin cikin indomin akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake sayensa, shi ya sa kuma ake sace shi. In an ce naka ya mutu, ka tsaya a buɗe a gabanka, kuma abin da aka ciro naka ne, ba na gareji ba.

Gida na biyu, ƙarar mai da zafi. Ita ma siririya ce, ƙis-ƙis-ƙis, kamar ana kaɗa ƙananan kusoshi a kwalba. Bambancinta da ta farko shi ne da wuya ta zo mota na tsaye. Sai inji ya ɗauki nauyi. Ka ɗebi mutum biyar, ka kunna AC, rana ta take, ka zo hawa gadar Ƙofar Nassarawa, ka taka, sai ka ji ta. Ka sauko gangara, shiru.

Me ke faruwa a ciki? Fistin yana matse iska da fetur, fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi ta cinye man a jere, ta tura fistin ƙasa. Haka ya kamata. To in zafi ya yi yawa, ko man ba shi da juriya, sai ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa. Wannan fashewar ce ke dukan bangon silinda da kan fistin, ita kake ji. In sau ɗaya ce jefi-jefi, inji zai jure. In kullum ce, tana cinye kan fistin, tana karya ringi, tana ƙona gasket.

Juriyar man nan ita ake aunawa da lambar okten. Motocin da aka kawo daga Amurka za ka ga littafinsu ya ce 87, wanda a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai ya kama wajen 91. Da yawa daga na Turai kuma 95 suke so. Duk abin da aka gauraya fetur da shi irin kananzir ko man gas, yana karya wannan lambar. Ba sai an yi da gangan ba ma. Jarkar da aka ɗebo gas da ita jiya, yau ɗan bumburutu ya zuba fetur a ciki, ai an gama. Kuma kar wani ya ce maganar gurɓataccen mai zancen shayi ne. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya fito ya ce an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa, aka yi ta dogon layi a gidajen mai. Wancan matsalarsa daban ce, amma ya nuna mana cewa ba duk abin da ya fito daga famfo ne lafiyayye ba. Saboda haka in ƙarar ta fara bayan ka sha mai a sabon waje, kar ka taɓa komai tukunna. Bari tankin ya yi ƙasa, ka sha a gidan man da ka yarda da shi, ka saurara.

Sai kuma wata ɗabi'a da ta ƙaru tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Masu mota mai giyar hannu, Golf ne, Fijo 406 ce, kowa na son tsimin mai. Sai ka ga mutum yana tafiyar hawainiya amma yana giya ta huɗu ko ta biyar, ya danne totur, inji na kakari. Malam, wannan ba tsimi ba ne. Kai ne da ƙafarka kake kiran ƙarar. Sauko giya ɗaya, ka ji yadda za ta ɓace.

Zafi ma haka. Garin da a watan Afrilu ake haura digiri 40, lagireto ya toshe da lakar ruwan rijiya, fanka ɗaya ta mutu, dole inji ya koka. Ga fulogin da ba na motar ba, an sa shi don ya fi araha. Ga famfon mai da ya gaji ko nozul da ya toshe, man ya yi kaɗan iska ta yi yawa, wutar ta ƙara zafi. Ga baƙin kabon da ke taruwa a kan fistin saboda gajeriyar tafiya da zaman gosulo. Tsofaffin motoci masu distiributo kuma, wani lokacin taimin ne aka murɗa ya yi gaba.

Motocin zamani suna da wata 'yar sensa a jikin inji da aikinta kawai sauraron wannan ƙarar. Tana ji sai ta gaya wa kwamfutar mota ta ɗan jinkirta wutar fulogi. In sensar ta mutu ko ɓera ya ci wayarta, ba mai tsawatarwa. A nan ne sa wa mota kwamfuta ke da amfani. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wajen jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari. In ta nuna P0325, layin sensar nan ne. P0300, wuta ce ke tsallake. P0420, indomi ne baya aikinsa. Ka ce a nuna maka lambar da idonka, ka ɗauke ta a waya. Amma ka sani, lamba hanya take nunawa, ba ita ce hukunci ba.

Gida na uku, wanda ya kayar da maƙwabcina. Wannan ba siririya ba ce. Mai kauri ce, ƙwas-ƙwas ko dum-dum, kamar ana buga guduma a cikin turmi, daga ƙasan inji. Tana bin bugun inji: ka ƙara wuta ta ƙara sauri. Sau da yawa ta fi fitowa in inji ya yi zafi man ya tsinke. In ka haɗa wannan da jar fitilar nan mai kama da buta, ko da ƙiftawa kawai take, to ɗan'uwa faka ka kashe. Ba a gaba kaɗan ba, ba bari in ƙarasa gida ba. A nan. Ma'anar fitilar ita ce man ba ya isa inda ya kamata da ƙarfi, ƙarfe na cin ƙarfe. Kuɗin janwe ko na igiya ba ya kama ƙafar kuɗin inji.

Akwai 'yar'uwarta, ƙarar kaca. Motoci da yawa kaca ce ke haɗa sama da ƙasan inji, abin da ke ɗaure ta kuma da ƙarfin baƙin mai yake aiki. In man ya yi ƙasa, ko ya yi datti, ko ya yi kauri fiye da kima, sai ka ji shar-shar daga gefen da fanbel yake, musamman da tashin safe. Shi ya sa nake roƙonku, ku duba murfin wajen zuba mai ko littafin mota. In an rubuta 5W-30, kar a ɗura maka 20W-50 don kawai shi aka saba. Kuma kar a bar juye sai man ya koma kamar kwalta.

Kafin in rufe, abu biyu da ba na inji ba ne amma suna ruɗa mutane. In ƙarar ƙas-ƙas-ƙas ce kuma sai ka karya sitiyari kana ba da wuta, kamar za ka shiga kwana, to shaf ne. Leƙa bayan tayar gaba, za ka ga robarsa ta yage, giris ya fantsama, yashi ya shiga. In kuma gum ɗaya kake ji lokacin tashi ko sanya giya, to mazaunin inji ne, robar da inji ke zaune a kai. Gwajinsa: a buɗe bonet, ka danne birki sosai, ka sa giya, ka ɗan taɓa totur, wani ya tsaya a gefe yana kallo. A gefe fa, ba a gaban mota ba. In inji ya yi tsalle, an kama ɓarawo.

Hattara kuma guda uku. Kar ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. Kar ka taɓa salansa sai ta huce. In za ka leƙa inji yana aiki, naɗe hannun riga, babbar riga kuwa cire ta gaba ɗaya, fanbel ba ya sabo. Sannan in ƙarar ta zo da warin hayaƙi a cikin mota, salansa ta huje ke nan, kar ka rufe gilashi ka kunna AC da yara a ciki. A cikin hayaƙin nan akwai iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa.

To in ka je gareji, me za ka yi? Kar ka ce "motata tana ƙara" ka miƙa mukulli ka tafi. Ɗauki ƙarar a wayarka tun a hanya. Gaya masa yaushe take yi. Ka ce ya shigo ku zaga tare ya ji da kunnensa. In ya ce inji ne, ba faɗa, ka ce, "Oga, na yarda, amma a auna min ƙarfin mai da geji tukunna, a kwance fita da kaskon mai mu gani." In metal ne da gaske, za ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man. Bakaniken kirki ba zai ji haushin wannan ba. Kuma ni ban ce yaron nan na farko macuci ba ne. Wataƙila iya abin da aka koya masa ke nan. Makanikanmu da yawa suna aiki a rana, ba na'ura, ba littafi, kuma suna tada motocin da a wata ƙasar da tuni an kai su bola. Amma kuɗin naka ne, motar taka ce, tambaya haƙƙinka ce.

Abin da dattijon nan ya gaya min muna shan shayi shi zan bar muku. Ya ce shi a aikinsa daga mai araha yake farawa ya tafi mai tsada, daga waje ya shiga ciki, inji kuma shi ne ƙarshen abin da yake buɗewa. Ni kuma na ƙara da nawa, wanda na koya a kan maƙwabcina: in wani ya ce maka motarsa na ƙara, kar ka ce masa ba komai. Ka ce masa ya zaro geji ya duba mai yanzu-yanzu.

Gobe da safe kafin ka tayar, minti biyu kawai, duba baƙin mai, duba ruwa. In ka hau titi, kashe rediyo na ɗan lokaci ka saurari motarka.

Nan za mu dakata. Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, ya gaya mana yadda tasa ta kasance da abin da aka gano a ƙarshe, wani zai ƙaru. Ku tura wa ɗan'uwa mai mota, musamman masu neman abinci da ita. Allah Ya tsare mana hanya, Ya raba mu da asara, Ya sa albarka a abin hawanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.